Waya ta Uku

Hotuna bakwai kawai mai ɗinkin take so ta tura. Wata mata ce ta aiko mata da samfurin riga ta waya, ita kuwa idonta ya daina ganin ƙananan abubuwa, sai ta buɗe su a kwamfuta. Abu ne da ta saba: da zarar wayarta ta hau intanet na gida, hotunan cikinta sai su zubo cikin wata folda a kwamfutar da ke gefen keken ɗinki, ba igiya ba komai. Tun shekarun baya aka haɗa mata shi haka, ita dai nata dannawa ne.

Bakwai suka shigo. Sai ga na takwas.

Ƙofar gidanta ce, an ɗauke ta daga waje. Har bokitin da ta kife a bakin ƙofa ɗazu da hantsi yana ciki.

Ta duba gefen allon, inda ake jera wayoyin da ke turowa. Ga tata. Ga ta maigida, a dushe, domin tun safe ya fita aiki. Ga kuma ta uku, ba suna, sai lambobi. A ƙarƙashinta an rubuta: ana karɓa, hoto na huɗu daga cikin hotuna ɗari tara da sha biyu.

Daga na yau suke komawa baya. Ga ta jiya a shagon zare, an ɗauko ta ta ƙeya. Ga maigida shekaranjiya yana tura babur, daga tsallaken titi. Ga tagar ɗakin ɗinki, ga inuwarta a jikin labule. Kwana biyar cur wani yana bin sawunsu.

Ta kira maigida sau uku, bai ɗauka ba. Haushinsa ya turnuƙe ta. Sau nawa ta ce masa ya sauya lambar sirrin intanet ɗin nan? Kullum sai ya kau da kai ya ce, "Bar ta, ba ta tsare wa kowa komai ba."

Sai ta kira makanikin da garejinsa ke ƙarshen layi, ta faɗa masa cikin raɗa.

"Yaya, intanet ɗinku bai wuce katanga ba," in ji shi. "Ko waye, yanzu haka yana jikin gidanki, kuma bai san wayarsa na tona masa asiri ba. Sa sakata. Kada ki kashe komai. Ga mu nan."

"Ta yaya ya sami lambar?"

"Ɓarayin yanzu? Har numfashinki sai su kwafa."

Ta sa sakata. Ta ɗauki babban almakashinta ta dawo gaban kwamfuta. Daga nesa ta ji ƙarar ƙarafa, makanikin na tara abokan aikinsa. Ta san abin da layin nan ke yi wa ɓarawo. Wanda aka kama bara, har yau da sanda yake tafiya. A lokacin ta yi tir da su. Yau kuwa so take su yi sauri.

Hoto na ɗari biyu. Hotunan sun bar unguwarta. Tashar mota, jaka ɗaya a ƙasa. Wani ɗaki da ba ta sani ba, katifa ba gado, tukwane biyu a lungu. Takardar asibiti. Wata ƙaramar yarinya tana gudu da takalmi ƙafa ɗaya.

Ɗari biyar. Yarinyar na ta ƙanƙancewa a gabanta. Mai gudu ta koma mai rarrafe, mai rarrafe ta koma mai zama, har ta zama ɗan dunƙulen jariri a cikin tawul. Tausayi ya so ya kama mai ɗinkin, ta danne shi. Wayar ma sato ta ya yi, in ji ta a ranta. Ai mugu ba ya rasa abin fakewa.

Wani abu ya goga jikin katangar baya. Tsakuwa ta yi ƙara, kamar wanda ya gyara tsayuwa.

Ta ƙara damƙe almakashin har zobensa ya nutse mata a yatsa.

Ɗari takwas. Sawaye da yawa sun shigo lungun bayan gidan, a hankali, daga ɓangare biyu. Wayarta ta yi haske, saƙon makanikin ne: mun gan shi, ya rufe fuska, yana bayan tagarki.

Ɗari tara. Hotunan sun zama na wani tsakar gida, igiyar shanya, tsohon fenti kore. Ta ƙura ido. Tsakar gidanta ne. Shekara uku ke nan da aka shafe koren nan da fari.

"Ga shi nan! Ku tare!"

Ihu ya tashi. Wani ya faɗi, ƙarfe ya daki katanga, kukan yarinya ƙarama ya tsaga hayaniyar. A daidai lokacin hoto na ƙarshe ya buɗe, wanda ya fi duka tsufa: ita ce, a kan kujerar nan da take zaune, tana dariya, tana kare fuska da kwalin sabuwar waya.

Ba ta san lokacin da ta zare sakatar ba. Ba takalmi ta fita, ta ture makanikin, ta kutsa tsakanin ƙarafan da aka ɗaga, ta faɗa kan wadda ke durƙushe a ƙasa rungume da yarinya, ta rufe su da jikinta.

"Yaya, matsa!" in ji makanikin. "Kin san ta ne?"

"Ni na saya mata wayar," in ji mai ɗinkin. "Ni kuma na ce kada ta sake tako mini gida. 'Yata ce."