Masuncin da Ya Bi Jan Kifi Cikin Laka

Kai da kake cewa ko ina ka je ba mai koya maka sana'arka, tsaya ka ji. Wani masunci ne, gwani na ƙin ƙarawa, wanda ya yi furfura a fadamun Arewa, ya tafi cin rani bakin teku. Da hantsi ya tarar ruwa ya janye, ya bar fili fetal na laka da ciyawa, ɗan abin da ya rage ko ƙauri bai kai ba. Can ciki ga jajayen kifaye tula-tula, sun kafa kai ƙasa suna tonon ƙaguwa, wutsiyoyinsu a waje suna kaɗawa. Nan take ransa ya biya. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta nuna masa turken da aka kafa a gaɓa, ta ce, "Baƙo, in ruwa ya taɓa gindin wancan, ka fito. Ruwanmu tafiya yake ya dawo, kullum." Ya yi dariya. A garinsu ruwan da ya janye ya tafi ke nan sai wata damina, to wa zai gaya masa halin ruwa? Har gorar da yake hawa in ya shiga zurfi, nan ya yar da ita, wai kaya ce.

Ya kutsa da mashinsa. Ya soki ɗaya, ya zura a igiya ya ɗaure a ƙugu yadda suka saba a gida. Ya soki na biyu, ya soki na biyar, kifi na ta jan sa ciki, ko waiwayen turken bai yi ba. Ai kuwa sai ruwa ya juyo, ba ƙugi ba hayaniya. Ya ji shi a gwiwa, ya ce bari dai ya ƙara ɗaya. Da ya yunƙura zai juya, ina! Laka ta riƙe shi har cinya, nauyin kifin yana daɗa danna shi, ƙullin igiyar kuma ya jiƙe ya ƙi kwantuwa. Tsoro ya kama shi, ya ƙwalla ihu. Tsohuwa ta ji, amma maza duk sun fita teku da jiragensu, ba abin da ta iya sai salati. Ruwa ya zo ƙirji, ya zo wuya, yana hangen gorarsa tana lilo a gaɓa. Washegari da ruwa ya janye aka same shi a tsaye inda ya kafe, kifi shida a ƙugunsa, ƙaguwa har ta fara cin su.

Allah ya jiƙansa. Ya san ruwa, ba mai musu, amma bai san wannan ba, kuma an gaya masa. Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.