Tsuntsayen Rumfar Keken Jariri

Da ya shigo ofishinsu, babu wanda ya lura da tabon madarar da ke kafaɗar rigarsa sai ita. Ta ɗauke ido ta mayar kan kwamfuta, inda take jera ƙananan ganyaye a kan yadin rumfar keken jarirai.

Shekara biyu rabonta da shi, tun ranar da ya fasa aurenta.

"Mai zane," ya ce, da sunan da yake tsokanarta a da. "Alfarma na zo nema."

Ya miƙo wayarsa. Zanenta ne, tsuntsaye shuɗɗa a kan ruwan madara, launin da ta ɗauko daga rigar da ta so sakawa ranar bikinsu. Shi kaɗai ta taɓa tura wa, ta ce na keken ɗansu na fari ne.

"Maman 'yata ce ta gani a wayata, ta kafe shi take so a keken yarinyar."

"Ka gaya mata na wane ne?"

Ya sosa ƙeya. "Cewa na yi na kamfaninku ne."

"Har yanzu ka iya magana." Ta nuna masa gefen tebur. "Ga littafin samfuri can, ka zaɓar mata wani."

"Haba, zane ne fa kawai."

"To, ai shi ya sa ba za ka rasa wani ba."

Bayan ya fita ta buɗe zanen, ta goge tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta jawo abincinta da ya huce, ta cinye a tsaye.