Gidan Inna a Ƙasan Kogi

Mai Agogo yana da ɗan shago mai taga ɗaya, inda yake wuni da gilashi a ido yana lallaɓar haƙoran agogo. Ranar hutu kuwa sai ya ɗauki ɗan jirginsa marar matuƙi mai kyamara, ya tafi fili ya sake shi.

Tun tsakiyar ƙarni na sha tara ɗan Adam ya fara ɗaukar hoto daga sama, yana tsaye cikin kwandon balan-balan. A yau abin ya dawo cikin jakar hannu, sai dai yana tafe da sharaɗi. A cikin jirgin akwai manhaja wadda ke lissafa masa tashi da sauka da ƙarfin batir, kuma maƙeransa sukan aiko da gyaranta ta waya.

Irin wannan saƙo ya daɗe yana fito wa Mai Agogo. An gano cewa ma'aunin batir yakan nuna akwai sauran caji alhali ya ƙare, don haka a sabunta, a kuma gwada jirgin kusa da ƙasa. Kullum sai ya danna "daga baya".

"Yaya, abin nan har tausayi yake ba ni," in ji ƙanwarsa. "Kullum yana roƙonka kamar mai neman aure."

"Agogon kakanmu ya girme ki, bai taɓa neman sabuntawa ba," ya ce. "Abin da ke tafiya lafiya ba a taɓa shi, Auta."

Mahaifiyarsu, Inna, ta daina tafiya. Daga gadonta takan lumshe ido ta koma gidan da aka haife ta, can tsallaken kogi: shuɗiyar ƙofa, rijiya a tsakar gida, da bishiyar mangwaron da mahaifinta ya dasa. An tashi mutanen unguwar domin gina gada, an kewaye ta da shinge, rusau kawai ake jira.

"Ba sai an kai ni ba," ta ce wa ɗanta. "Ka aiki tsuntsun nan naka ya gano mini."

Aiki ya riƙe shi har safiyar ranar rusau. Ya tsaya a wannan gaɓar, saƙon ya sake fitowa, ya sake ture shi, ya saki jirgin.

A fuskar wayarsa unguwar ta buɗe a hankali kamar mafarki. Tantabaru suka tashi daga rufin kwano. Ga shuɗiyar ƙofar, ta koɗe amma tana tsaye. Ga rijiyar, sama tana kwance a cikinta. Mangwaron ya yi fure, inuwarsa ta rufe tsakar gidan. Ya yi ta kewayawa bai ƙoshi ba, tun da ma'auni yana nuna rabin caji.

Da ya juyo da jirgin, yana tsakiyar kogi, sai rabin nan ya koma babu. Farfelolin jirgin suka tsaya, ya faɗo. Ruwa ya buɗe, ya rufe. Nuni kawai wayar ta yi, ba ta adana komai ba. Hoton duka yana cikin katin ajiyar kyamarar da ya nutse tare da jirgin.

Yana nan tsaye har katafila ta shiga unguwar, ƙura ta tashi daga inda mangwaron yake.

A gida ya tarar Auta ta tayar da Inna zaune, an jingina ta da matashi, ta goge tabaranta ta saka.

"To, miƙo in gani," in ji Inna. "Mangwaron yana nan?"

Ya durƙusa gaban gadon, ya kasa ɗaga kai. Inna ta dube shi, ta dubi hannunsa wayam. Sannan ta cire tabaran, ta naɗe, ta ajiye ƙarƙashin matashi.

Mai karatu, gargaɗin da na'ura ta yi maka gyara ne da wasu suka gano bayan tasu asarar. Ka sabunta ta, ka gwada ta, tun ranar da ba ka buƙatarta.