Hoton Paris na Gidan Haoua

Hoton yana kan talabijin, cikin firam mai ruwan zinariya, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Haoua ce a tsakiya, mijinta a dama, yara a gaba, bayansu kuma doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta Paris. Can saman kan Haoua wata farar tattabara ce ke shawagi, fiffikenta na hagu ya ɗan karkace.

Dela ta haddace hoton nan kamar Ƙulhuwallahu. Duk Alhamis, in matan Nijar na unguwar Sharafiyya ta Jidda suka taru shan shayi a gidan Haoua, sai wata ta ɗauko shi a yi ta miƙa shi hannu-hannu. Dela kuwa yayar Haoua ce ciki ɗaya. Ita ta riga ta zuwa Jidda, ita ta koya mata ciniki a kasuwar Bab Sharif, amma yau ta koma mai miƙa kofi a gidan ƙanwa. Kishi take yi, kuma kishin yana cin ta har ƙashi.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yangar Haoua. In an tambaye ta labarin Paris sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai wucewa kawai muka yi, hanyar Yamai ce ta bi da mu." Ga shi a ƙasar da ake cewa sanyi na fasa leɓe, silifas ne a ƙafarta cikin hoton. Dela ta ce wannan ma iyayi ne, don duniya ta ga lalle.

Da lokacin zuwansu gida Nijar ya yi, Dela ta kafe wa mijinta Abdulghani, tela a unguwar Nuzla, cewa ko a bi ta Paris ko a fasa tafiyar. Ya kawo hanyoyi masu sauƙi, ta ture su. Da ya gaji ya ce, "Halas, shi ke nan, Paris ɗin."

Ranar Alhamis ta sanar a gaban kowa, ta kuma yi alkawarin hotuna. Haoua ta biyo ta har matakala.

"Yaya, da kun bi wata hanyar. Wallahi gajiya ce kawai."

"Ke da kika je ai ba ki mutu ba."

"To in kin nace, ki sa bargo da 'yar tabarma a jakar hannu. Da abin da yara za su ci."

Dela ta yi tsaki ta sauka. Tabarma a Paris! Wato so take a gan ta a tsakiyar Turawa kamar mai tallar goro. Maimakon haka ta cusa sabuwar shadda, da takalmi mai tsini, da kyamarar aro. Ta tsara wunin tsaf: da safe hasumiya, daga nan bakin kogi, sai kantin turare, a dawo kafin jirgin Yamai ya tashi.

Da suka sauka a filin jirgin Paris, Abdulghani ya gyara hula ya nufi mai duba takardu da Faransancinsa na firamare. Ya miƙa fasfo, ya ɗora iƙama, takardar izinin zamansa a Saudiyya, a kai. Sai da ya roƙi kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a Saudiyya, kafin ya bar masa ita ya taho da ita, don a Jidda bai taɓa nuna ta a ƙofa an ƙi buɗe masa ba. Bature ya jujjuya ta, ya mayar masa cikin ladabi, ya nuna musu jerin kujeru. Wanda ba shi da bizar ƙasar ba ya fita gari.

A kan kujerun ƙarfen nan suka wuni. Yara suka yi kukan yunwa, suka gaji, suka miƙe a kan daɓe mai sanyi, Dela ta lulluɓe su da sabuwar shaddar. Parisin da Dela ta gani gilashi ne, da yayyafi, da wutsiyar jirage. Bargo ya faɗo mata a rai, ta kore shi da sauri. Baki Haoua ta yi mata, ba wani abu ba.

A Yamai ta daure, wanda ya tambaya ta ce Paris sai wanda ya gani. Amma da suka dawo Jidda, Alhamis ta fara matsowa, mata suna aiko da saƙon a zo da hotuna. Ta daina cin abinci. Ta gwammace komai da ta zauna hannu wofi a ƙarƙashin talabijin ɗin nan, Haoua tana tausaya mata.

Abdulghani ne ya samo mafita. Ya ji ana raɗe-raɗin wani tsoho mai ɗaukar hoto a wani lungu na unguwar Mahjar, inda ba mai sanin su. Suka ci ado suka tafi, Dela tana jan mayafi har hanci.

Tsohon, Malam Usuman, mutumin Cadi ne, ba ya tambayar da ba ta shafe shi ba.

"Paris? Yalla, Hajiya, ku tsaya nan. Ba ku ne farau ba."

Ya ja igiya, wani ƙaton labule mai zane ya warware daga sama har ƙasa. Abdulghani yana jera yara a gaba, Dela ta waiga don ta ga ko wannan hasumiyar ta bogi za ta iya tsayawa kusa da ta Haoua ba a gane ba.

Can saman kanta wata farar tattabara ce ke shawagi, fiffikenta na hagu ya ɗan karkace.