Gaɓar da Ba Ta da Lamba

Sau uku Pyo mai sassaƙa dutsen kabari yana danna maɓallin, sau uku kwamfutar tana fito da fankon akwati a tsakiyar sunan.

Uwar Gwang-ho ta zauna kan wani dutse da ba a gama ba, tana tausa gwiwa. Motar farko ta hawo daga garin Mokpo. Tun da aka binne mijinta a bazara ba ta barin teburin busasshen kifinta sai ranakun asibiti.

Pyo ya yi mata bayani a gajiye. Na'urarsa tsohuwa ce, gaɓoɓin rubutun Koriya dubu biyu da ɗari uku da hamsin kawai ta sani, kowace da lambarta. Sababbin sun san fiye da dubu goma sha ɗaya. Ita wannan gaɓar "Ttom" da ke cikin sunan ba a ba ta lamba a tsohuwar ba. A sa mai kama da ita, haka kowa ke yi.

Ta ce ta sani. Haka asibiti suka yi, haka banki. Wani ya sa akwati, wani alamar tambaya, wani ya canza sunan ɗungurungum.

"Iya, mamaci ba ya karatu," in ji Pyo.

"Injinka ma bai iya ba, amma ga shi kana cin abinci da shi."

Ya ce to sai dai ya sassaƙa da hannu, ƙarin kuɗi won dubu ɗari biyu. Ta ce hamsin. Ya yi dariya. Ta ɗauki jakarta, ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa suka daidaita kan tamanin da kwalin kifi ɗaya, ba mai kyan ba.

Ta ba shi takardar da zai kwaikwaya, rubutu karkatacce na wadda ta koyi riƙe fensir bayan ta yi jika. Ta ja masa kunne kada ya kira ɗanta, ita za a kira in an gama.

Ya cike ranar haihuwa. Bai ɗago ba ya tambayi ranar rasuwa.

Ta gyara ɗankwali, tana leƙen ko mota ta taho.

"Bar wurin tukuna, likita ya ce kafin sabuwar shekara. Kai dai ka gama da wuri, ina so in ga sunana daidai ko sau ɗaya."