Bututun Bayan Gareji

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa.

Tsohon bakaniken ya kasa zama. Ya hau benci ya sauka. Ya ɗauki sifana ya ajiye. Ya leƙa titi, ya dawo yana kai da kawo tsakanin motoci.

Yau za a zo duba garejin. Babban ɗansa, wanda ma'aikata ke kira Manaja, ya nemi rance a banki don ya faɗaɗa wurin: injin ɗaga mota, wurin wanki, sabon rufi. Banki ya yarda, amma da sharaɗi. Sai jami'ar muhalli ta zo ta ga inda baƙin mai da ruwan batir ke zuwa. In ta sa hannu, rance ya fito. In ta ƙi, magana ta mutu.

Gidan tsohon ne jinginar. A ciki matarsa take, da 'yarsa da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta. Ranar da Manaja ya kawo maganar, a gaban uwarsa ya kawo ta, ita kuwa tun bai rufe baki ba ta fara sa albarka. Tsohon ya ce to. Tun da yake bai taɓa janye to ɗinsa ba.

Kwana da kwanaki Manaja na gyara. Fenti, shara, gangunan aro da aka jera kamar cikinsu ake tara mai. Ramin baya, inda ake juye baƙin mai tun Manaja yana goye, ya sa an rufe da katako da yashi. Bututun da ke fita daga ramin zuwa kwata ya sa an toshe da guntun itace da tsumma. Sannan ya jera tukwanen fulawa a kai.

"Baba, don Allah ka zauna, kana ɗaga mini hankali. Kuma ka canza wandon nan, duk ƙafar ta jiƙe."

"Fulawa a gareji," in ji tsohon. "Saura ka fesa wa injin turare."

Da hantsi jami'ar ta iso, mace mai gilashi, da takalmin roba. Ta rusuna ta gaida tsohon, ta bi Manaja. Ta buɗe ganga ta leƙa. Ta tambayi wanda ke kwashe man, Manaja ya amsa ba gargada. Ta duba inda ake ajiye batir. Ta ƙwanƙwasa daɓe. Tsohon na biye da su, hannu a baya. Duk sanda ta juya wajen ƙofar baya sai Manaja ya tare ta da wani zance, tsohon kuma ya goge goshi.

Can ta gyaɗa kai.

"Wurinku tsaf, Baba. Ba kasafai nake ganin haka ba."

Ta nufi ƙofar gaba. Manaja ya sauke ajiyar zuciya. Tsohon ya dubi ƙafarta.

"'Yata, ai ba kya shiga mota da wannan caɓin ba. Ga famfo can baya."

Manaja ya yi masa wani kallo, amma ta riga ta juya.

Ta wanke ƙafa ɗaya. Ta ɗaga ta biyun, sai ta tsaya. Ruwan kwatar yana tafiya da wani sheƙi a samansa, shuɗi da ja da kore. Ta bi shi da ido har gindin katanga. Daga ƙarƙashin tukwanen fulawa bututu na tsiyayar baƙin mai, bakinsa a buɗe.

"Ina kwatar nan ke ƙarewa?"

Ta leƙa ta katanga ta ga lambunan mutane.

"Sai an kwashe ramin nan, an haƙe ƙasar, an gina ma'ajiya ta siminti. Kafin nan ba zan sa hannu ba. Ku yi haƙuri, Baba."

Bayan tafiyarta Manaja ya yi ƙwallo da tukunya guda.

"Ruwan nan ne ya tunkuɗe toshiyar. Kai kuma, Baba, ina ruwanka da takalminta?"

"Baƙuwa ce."

"To ga shi nan. Rance ya tashi. Ka ci gaba da zama da tsohon rufinka."

Tsohon ya wuce gida. Da yamma matarsa ta same shi a tsakar gida, jikokin na hawa kansa, ya cinye abincinsa tas.

"Malam, kada ka sa abin a ranka. Ba rabon yaron nan ba ne."

"Haka ne," in ji shi.

Washegari da sassafe ya riga kowa zuwa gareji. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ciro toshiyar da ya zare jiya da asuba cikin ruwa, ya zagaya baya ya mayar da ita bakin bututun.