Allon Bayan Waya da 'Yan Rakiya

Zauna tukuna, Alhaji. Tunda ka ce kai ma takarda za ka nema a kan abin da ka haɗa, bari in ba ka misali ɗaya kafin ka ɗauki hularka. An yi wani mai gyaran waya a layinmu, hannunsa da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Wata rana wani mai sayar da atamfa ya kawo masa kuka, ya ce ya gaji da miƙa wa masu saye wayarsa su kalli hotunan kaya, wannan ta latsa nan, waccan ta faɗa masa cikin saƙonni. Sai gogan naka ya ciro allon wata matacciyar waya, ya liƙa masa maganaɗisu a baya, ya haɗa shi da wayar mai atamfa da wata siririyar igiya. Ka manna shi a bayan wayarka, mai saye yana kallon nasa allon, kai kana kallon naka. In ka gama ka ɓalle shi ka jefa aljihu. Abu ya karɓu, 'yan kasuwa suka yi ta zuwa. To, ka san ɗan Adam da yabo. Kafin wata biyu kansa ya kumbura, ya fara cewa duk duniya shi ya ƙago. Wani kuma ya hure masa kunne cewa akwai ofishin da ke ba da takardar mallakar ƙirƙira, in ka same ta ba mai ƙara yin irin abinka sai da izininka. Wannan zancen izinin shi ya fi kwanta masa, shi ne kuma ya ɓoye mana. Mu kuwa ce mana ya yi takardar yabo hukuma za ta ba shi.

A layinmu ba a barin mutum ya je gaban hukuma shi kaɗai, abin kunya ne ga layin. Ranar da ofishin ya kira shi a kan takardar da ya nema muka rufe shaguna, mu tara, har da ni da sabuwar shaddata. A gabanmu ga tsohon da ya koya masa aiki ya yaye shi, mutumin da tun zamanin rediyo yake gyara, ƙafarsa ma ciwo take amma ya ce sai ya je. Muka tarar da wata ma'aikaciya mai natsuwa. Ta juya allon, ta manna, ta ɓalle, ta ce abin ya burge ta. Sannan ta ce ba a ba da takardar don abu ya yi kyau, ko don ba a taɓa ganin sa a kanti ba. Abin da ake tambaya shi ne, in aka kai wa wani mai irin sana'ar kukan mai atamfa, ga allo ga maganaɗisu a gabansa, shi ma nan zai nufa ba tare da ya sha wuya ba? In haka ne, hanya ce da kowa ke gani, ba a mallaka wa mutum ɗaya ita. Da ta ga mu 'yan sana'ar ne sai ta juyo gare mu. Shi kuwa tsoho, Allah sarki, ya ɗauka shakka take yi ko aikin na ƙwarai ne, ya dogara sandarsa ya miƙe don ya wanke yaronsa. Ya ce, "Hajiya, kada ki ji komai, aikin nan namu ne gaba ɗaya. Kullum da allon wata wayar muke gwada wata, a teburina ya fara gani. Duk wanda kika nuna cikin mutanen nan zai haɗa miki shi kafin la'asar." Mu kuma muna ta gyaɗa kai, wai taimako muke.

Matar ta rufe takardun a hankali. Ta ce, "To Baba, kun san kuwa da an ba shi takardar nan, kai da su duka sai kun nemi izininsa kafin ku sake haɗa irinsa?" Wallahi ni da ba ni na yi ba, na rasa inda zan sa fuskata. Mai allon ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ga fanka tana juyawa. Tsohon bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Kallonsa kawai ya yi, ya ce, "Ashe haka ne." Ya juya yana jan ƙafa, muka bi shi.

Rashin takardar bai kashe mutumin nan ba, ciniki ma bai yanke masa ba. Amma daga ranar ya kasa bi ta gaban teburin tsohon. Sai ya zagaya ta bayan kasuwa, ta wajen magudanar ruwa, kafin ya isa shagonsa, safe da yamma. Haka ya yi ta yi har tsohon ya rasu, bai iya zuwa ya durƙusa ya nemi gafara ba. A wurin jana'iza can bayan sahu ya tsaya, ba kuma wanda ya hana shi matsowa.

Saboda haka, Alhaji, ban ce kada ka je ba. Amma kafin ka je, ware abin da ka tsinta a teburin mutane, ka ga abin da ya rage naka. Hausawa suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.